Yadda ake sa bayan abinci ya yi ja, ya yi ƙaras-ƙaras a maikirowef

Duk uwargidan da ta taɓa ɗumama ƙosai a maikirowef ta san abin da ke fitowa: cikinsa zafi zau har ya toye harshe, bayansa kuwa a jiƙe, ya saki lagwab. Tsiren da maigida ya shigo da shi daren jiya daga bakin Ƙofar Ƙaura, in aka sa shi da safe, ƙulin jikinsa sai ya kwaɓe, naman ya yi tauri. Cinyar kaza takan nuna har ƙashi, amma fatar tana nan fara sol, ba mai marmarin kai mata hannu. Daga nan mata da yawa a Katsina suke yanke wa na'urar hukunci, wai ta ɗumama shinkafa da miya ce kawai, sai a lulluɓe ta da ƙyalle a ɗora filas a kai.

Akwai gyara, kuma yawancinsa ba sai kin sayi komai ba. Amma tun farko in faɗa miki gaskiya: maikirowef zalla, wadda ba ta da abin gashi a rufinta, ba za ta ba ki gashin garwashi ba. Abin da ke hannunki shi ne ki rage jiƙewar, ki taimaka wa launi ya fito, inda na'urar ta gaza kuma ki miƙa wa kasko ya ƙarasa cikin minti biyu.

Daga ina jiƙewar take zuwa

A tanda, ko kasko, ko ragar mai tsire, zafi daga waje yake shigowa. Wuta ta gasa ƙarfe da iska, su kuma su taɓa bayan nama, su busar da shi, su toya shi, sannan zafin ya ratsa ciki a hankali. Shi ya sa ciwon kan mai gashi shi ne baya ya ƙone ciki bai nuna ba.

Maikirowef ba haka take aiki ba. A cikinta akwai abin da ake kira maganetiron, yana fitar da igiyoyi dangin na rediyo, masu kai da komowa sau miliyan 2,450 a kowace daƙiƙa. Igiyoyin nan suna wuce iska da gilashi da tangaran ba su bar musu zafin kirki ba, amma da sun tarar da ruwa sai su dinga jujjuya ƙwayoyinsa, daga nan zafi ke tashi. Wani injiniya Ba'amurke, Percy Spencer, shi ya lura da haka a 1945 yana aikin na'urar rada, mai gano jirage daga nesa, a kamfanin Raytheon. Igiyoyin sukan shiga kamar santimita 1 zuwa 2 cikin abinci mai ruwa, abin da ya fi nan zurfi kuma zafin ne ke bi da kansa.

To, iskar cikin akwatin ba ta yin zafi. Ruwan da ke cikin ƙosai ya tafasa, ya zama tururi, ya turo waje, ya ci karo da iska mai sanyi, sai ya koma ruwa a bayan ƙosan. Kuma muddin wuri yana da danshi, zafinsa ba ya haura digiri 100, don a nan ruwa ke tafasa. Jan da nama ke yi da ƙamshin da ke tashi a wurin mai balangu, haɗuwar sukari ne da sinadaran furotin, wanda wani masani Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, ya yi bayaninsa a 1912, kuma ba ya kankama sai zafi ya kai wajen digiri 140. Sukarin shayi shi kaɗai sai kusan 160 yake fara ja. Ke nan tazarar digiri 40 ce ta raba ki da abin da kike nema. In aka bar ta yadda take, maikirowef ta fi kusa da madambaci fiye da tanda.

Duk dabarun da ke tafe abu uku suke yi: a busar da bayan abincin, a ba tururi hanyar ficewa, a kawo wani abu mai zafin gaske ya taɓa shi.

Mataki na farko: san irin na'urar da kike da ita

Buɗe ƙofa ki leƙa rufin daga ciki. In kin ga wani lanƙwasasshen ƙarfe, ko raga mai ƙananan ramuka da bututun gilashi a bayanta, taki tana da abin gashi. A gaba za ki ga maɓallin da aka rubuta wa Grill, da wani Combi mai haɗa gashin da igiyoyin. In akwai Convection, tana da fanka mai hura iska mai zafi, wato obin ce cikakkiya. In rufin sumul yake, taki zalla ce. Gidaje da yawa suna da mai abin gashi ba su sani ba, musamman wadda ta zo cikin kayan aure ko aka saye ta gwanjo ba littafinta. Ragar ƙarfe mai ƙafafu da ta zo cikin kwali, wadda aka jefa sito, ta wannan aikin ce. A nemo ta.

Sai ki juya bayan na'urar ki karanta takardar da aka liƙa. Lambobi biyu ne: wutar da take ja, da wadda take ba abinci. Mai ba abinci wat 700 takan ja wat 1,100 zuwa 1,200 daga soket, abin gashin kuma shi kaɗai yakan ja kusan 1,000. Ƙaramin janaretan da ke ɗaukar fanka da talabijin ba zai ɗauke ta ba, haka inbatar sola in ƙarama ce. Ranar da wuta ta zo da rauni kuwa, za ki ji fanka na juyawa, fitila a kunne, amma maganetiron ba ya ba da ƙarfinsa. A irin ranar nan abinci yakan daɗe yana gumi a ciki, ya ƙara jiƙewa. Kada ki ɓata lokaci, kunna gas.

Kina iya auna ƙarfinta na gaskiya. Zuba ruwa lita 1 a kwanon gilashi, auna zafinsa da ma'aunin girki, ba na zazzaɓi ba, don shi a wajen digiri 42 yake tsayawa. Kunna a kan cikakken ƙarfi minti 2, juya ruwan, sake aunawa. Bambancin da kika samu, ninka shi sau 35. In ya tashi da digiri 20, na'urarki wajen wat 700 take bayarwa. In ba ki da ma'auni, sa ruwa kofi ɗaya, mililita 250, da tsinken tsire na itace a ciki don kada ya yi tafasar bazata ya fallatso miki. Mai wat 700 takan tafasa shi cikin minti 2 zuwa 2 da rabi. Duk lokutan da zan ambata a ƙasa na mai wat 700 zuwa 800 ne. In taki ta fi ƙarfi ki rage, kuma ko yaya ne fara da kaɗan.

Mataki na biyu: busarwa

Nan ne rabin aikin, kuma nan aka fi yin sakaci.

Ɗanyen nama ko kaza, bayan kin wanke, tsane shi a gwagwa, sannan ki bi shi da tishun kicin ko tsabtataccen ƙyalle ki goge har hannu ya daina jin santsin ruwa. In kina da hali, barbaɗa gishiri tun dare, jera a faranti ba murfi, sa a firij ya kwana. Gishirin zai fara jawo ruwa waje, sannan ya shige cikin naman, iskar firij kuma ta busar da fatar. Da safe ki sake gogewa. Kada ki ce za ki shanya a tsakar gida don iskar hunturu ta yi miki aikin: ga ƙura, ga ƙuda, kuma ɗanyen nama bai kamata ya wuce awa 2 a waje ba, a zafin bazara irin namu da ke kai digiri 40 ma awa 1 ce.

Abin da aka riga aka soya, kamar ƙosai da fanke da samosa, kada ki rufe shi da murfi ko leda. Murfi na shinkafa ne da tuwo da alala, masu son tururi. Shimfiɗa tishun kicin ninki biyu a faranti ki jera su a kai, tishun ya shanye gumin ƙasa. Abin da ya fi wannan ma shi ne a ɗaga abincin daga faranti don iska ta bi ta ƙarƙashi. Jera tsinken tsire na itace huɗu ko biyar a kan kwano mai ɗan zurfi, ɗora abincin bisansu. Jarida ba ta maye gurbin tishu, tawadarta ba ta ci ba ce, kuma tana iya kamawa da wuta.

Abin da ya fito daga firiza a ƙanƙare, narkar da shi tukuna. Ƙanƙara ba ta shan igiyoyin sosai, ruwa kuwa yana sha. Da zarar wuri ɗaya ya narke sai ya kwashe zafin shi kaɗai, ya dahu har ya bushe, gefensa yana nan daskare. A bar shi a firij ya saki, ko a sa shi a maikirowef a kashi 30 cikin ɗari na ƙarfinta ana juyawa, sannan a tsiyaye ruwan a goge.

Mataki na uku: yanka da jeri

Zafi ba daidai yake ba a cikin akwatin. Igiyoyin suna dukan bango suna dawowa, sai a sami gurabe masu zafi da masu sanyi, tazarar kamar santimita 6 tsakanin wuri mai zafi da na kusa da shi. Farantin da ke juyawa don wannan aka yi shi. Amma tsakiyarsa a wuri ɗaya take kewayawa, saboda haka jera abinci zobe a gefen faranti, ki bar tsakiya fayau. Ɓangare mai kauri ya kalli waje, siriri ya kalli ciki, kamar cinyar kaza: tsokar waje, ƙashin ciki. Kada su taɓa juna, kada a ɗora wani kan wani. Yanka ya zama bai ɗaya, kaurinsa kada ya wuce yatsu biyu. In abincin da yawa, raba shi biyu. Ƙosai shida a zagaye biyu sun fi goma sha biyu a tare kyau, lokacin kuma kusan ɗaya ne.

Mataki na huɗu: abin da ake shafawa

Mai shi ne na farko. Ba ya tafasa a digiri 100 kamar ruwa, yana wucewa sosai, kuma zafin da ake buƙata don ɗumama shi kusan rabin na ruwa ne. Shi ya sa kitse da fatar kaza mai maiƙo suke ɗan yin ja ko a maikirowef zalla in an ba su lokaci. Shafa man gyaɗa siriri da yatsa ko buroshi. Siriri fa, ba wanka ba.

Sai zuma. Sukarin da ke cikinta ya fi na shayi saurin haɗuwa da furotin. Ƙaramin cokali ɗaya a cikin babban cokali biyu na mai ya isa cinyoyi huɗu. Garin madara kaɗan ma yana irin wannan aikin. In kika cika, ƙonewa zai yi tabo-tabo kafin naman ya nuna.

Akwai kuma abin da kowace Bahaushiya ta sani a tukunya ko da ba ta haɗa shi da gashi ba, wato kanwa. Kin ga yadda wake ke rinewa in an jefa masa ita. Kanwa tana kashe tsami, kuma jan nan na Maillard ya fi sauri inda babu tsami. Matsalarta ƙarfinta ba ɗaya ba ne, ungurnu daban, jar kanwa daban, kuma in ta yi yawa nama sai ya yi ɗanɗanon sabulu. Na fi son bekin soda don ana iya auna shi: kwatan ƙaramin cokali ga rabin kilon nama, a cakuɗa da gishirin da za a barbaɗa tun dare. In kanwar ce a hannu, jiƙa ɗan guntu, ɗiga kaɗan daga ruwan saman cikin man shafawa. Lemon tsami kishiyarta ne, yana jinkirta ja, don haka bar shi sai an sauke.

Gishiri yana da nasa sirrin a maikirowef. Abinci mai gishiri ya fi shan igiyoyin tun daga baya, ba sa zurfi kamar a marar gishiri, sai zafin ya fi taruwa kusa da fata. Wannan alheri ne in gishirin ya narke ya shiga naman. In kuwa tsabarsa kika watsa a kai kika kunna nan take, sai ya bar busassun tabo masu tauri.

Yajin ƙuli, garin busasshen tattasai da ɗan kurkum suna ba da launi tun kafin wuta, ƙulin kuma yana shanye danshi. Sai dai launi ne kawai, ido suke gamsarwa, haƙori ba zai ji ƙaras ba. Kuma a ƙarshe ake sa su, bayan an zubar da ruwan da naman ya fitar, in ba haka ba su zama kunu.

Mataki na biyar: kawo abu mai zafi ya taɓa shi

In taki tana da abin gashi, ki riƙe tsari ɗaya: igiyoyi su fara, busasshen zafi ya rufe. In kika juya tsarin, tururin ƙarshe zai warware duk ƙaras ɗin da kika samu. Ga yadda ake cinyar kaza huɗu:

1. Jera su a farantin gilashi ko tangaran, rufe sama-sama yadda tururi zai sami mafita, ba su minti 8 zuwa 10 a kashi 70 na ƙarfi, ki juya su a tsakiyar lokacin.
2. Fitar, tsiyaye romon ki ajiye don miya, goge fatar ta bushe.
3. Shafa mai da zuma, barbaɗa yaji.
4. Kunna abin gashi shi kaɗai minti 3 ya yi ja tukuna.
5. Ɗora cinyoyin a raga mai dogayen ƙafafu, fata sama, da faranti a ƙasa mai tarar maiƙo. Minti 8 zuwa 10, juya, minti 5, sake juyowa fata sama minti 2.
6. Soka ma'auni a wuri mafi kauri ba tare da ya taɓa ƙashi ba. Kaza sai ta kai digiri 74. In ba ma'auni, tsaga kusa da ƙashi: ruwan ya fito garau, ba ja.

Abin gashin maikirowef ba shi da zafin garwashi, yana da nawa, kuma iya abin da ke kallonsa yake gasawa. Shi ya sa doguwar raga ta fi gajera, kuma dole a juya. Maɓallin Combi yana rage lokaci ga abu mai kauri, amma ni na fi son raba aikin biyu, don a tsakani ne nake samun damar zubar da ruwa da gogewa, abin da maɓalli ba zai yi mini ba.

Wadda ba ta da abin gashi tana iya neman farantin toyi na maikirowef. Iri biyu ne. Akwai na tangaran da aka shafe gindinsa da wani sinadarin kuza, akwai na alminiyon mai baƙin shafi a gindi. Shafin ne ke shan igiyoyin ya yi zafi, farantin ya koma kasko. Ana ɗumama shi ba komai a kai, na alminiyon minti 2 zuwa 3, na tangaran yakan ɗan fi haka, gwargwadon abin da takardarsa ta ce. Sai a shafa mai, a danna abincin a kai nan da nan, a ji ya yi cuu. In bai yi ƙara ba bai yi zafi ba. Minti ɗaya ko biyu, a juya. Ɗauke shi da tsumma mai kauri, kada ki dire shi a kan roba. Wannan ɗumamawar ta irin farantin nan ce kaɗai. Farantin gida in kika sa shi shi kaɗai kika kunna, igiyoyin ba su da inda za su sauka, sai su koma wa maganetiron su gajarta masa kwana.

Ɗan'uwan farantin toyi shi ne tabon nan mai ruwan toka da ke gindin jakar gugguru ta maikirowef, da kwalin wasu kayan firiza. Alminiyon ne aka fesa siriri ƙwarai a kan leda ta musamman aka manna da takarda. Tsabar sirantarsa ce ta sa yake shan igiyoyin maimakon ya mayar da su, har ya kai wajen digiri 200. Sau ɗaya ake amfani da shi, daga nan ya tsattsage. Kada ki yi zaton takardar alminiyon ta naɗe kifi za ta yi haka. Ita ta fi shi kauri nesa ba kusa ba, kare abinci take yi daga igiyoyin, in ta yamutse ko ta kusanci bango kuma tartsatsi za ki gani. Amfaninta ɗaya: ɗan guntu sumul a rufe bakin fiffike ko ƙarshen ƙashi don kada ya bushe, nesa da bango da aƙalla santimita 3, shi ma in littafin na'urarki ya yarda.

Hanya ta uku ita na fi yarda da ita, kuma kowa na da kayanta: maikirowef ta dafa ciki, kasko ya yi baya. Ɗora kasko a wuta tun kafin ki kunna na'urar, yadda abincin zai fito ya faɗa kan ƙarfe mai zafi kai tsaye. Ba girin-girin ba, ta yi mai: tsohon kaskon ƙarfe ya fi na'ura mai maɓalli ashirin iya wannan aikin, kuma gas na minti biyu kawai zai ci.

Mataki na shida: lokaci da hutu

Yawancin na'urori in kin zaɓi kashi 50, ba rage ƙarfi suke yi ba, kunnawa suke suna kashewa. Ki saurara za ki ji ƙarar tana sauyawa. A ɗan tsakanin nan zafi ke bazuwa daga inda ya taru. Don ɗumame, kashi 50 zuwa 70 ya fi cikakken ƙarfi, don tururi ba ya tasowa da gayya lokaci guda. Yi ta gajere-gajere, daƙiƙa 20 zuwa 30, buɗe ƙofa tururi ya fice, taɓa, ƙara in da buƙata. Buɗe ƙofa ba ya rage komai tunda dama iskar ba zafi gare ta ba.

Da ta tsaya fitar da abincin, kada ya zauna cikin gumi. Sauya shi zuwa busasshen faranti ko raga, bar shi a buɗe minti ɗaya ko biyu. Kada a juye shi a kula a rufe don jiran maigida ya dawo daga masallaci, nan duk wahalar za ta tashi a banza. Da azumi, ki bari sai an kusa kiran magariba sannan ki ɗumama kayan suya.

Abinci ɗaya bayan ɗaya

Ƙosai da fanke: shida a kan tishu, daƙiƙa 30 zuwa 40 a kashi 70, sai busasshen kasko minti ɗaya zuwa biyu ana gangara su. Man jikinsu ya isa.

Masa: huɗu, daƙiƙa 20, sai tanda ko kasko da ɗigon mai, gefen nan ya dawo. Masa da gurasa da burodi in suka daɗe a maikirowef, suna hucewa sai su yi tauri, ba kuma mai dawo da su. Gara su fito da ɗumi-ɗumi.

Samosa da mitfai: cikinsu ya fi ɓawon ruwa da gishiri, don haka yana riga shi zafi ƙwarai. Kashi 50, daƙiƙa 40, sai kasko ko abin gashi. Fasa ɗaya ki duba kafin ki miƙa wa yaro, ɓawon yakan yi ɗumi cikin yana ƙuna.

Tsire da balangu: zare tsinken in na ƙarfe ne, ware albasa da tumatir da kabeji gefe don su ne ke jiƙa shi. Kashi 50, gajere-gajere har zafi ya ratsa ko'ina, don naman da ya kwana sai ya yi zafi sosai ake ci. Sannan kasko da ɗan mai, sabon yaji bayan an sauke.

Awara: nan maikirowef ke da rana. Yanka ɗanyar, jera a kan tishu, minti 2. Za ki ga ruwa ya fito. Goge, sa gishiri, soya. Ba ta fallatsi, ba ta shan mai da yawa, kuma tana saurin ja.

Dankali da doya: yanka, sa a kwanon gilashi da ruwa cokali biyu, rufe, minti 4 zuwa 5 har tsinke ya shige da ɗan tirjiya. Buɗe, tsiyaye, baza a faranti su sha iska har bayansu ya yi fari-fari, sannan kasko da mai kaɗan.

Abin da ba shi da ruwa da yawa kuwa, shi yana gasuwa sosai ko a maikirowef zalla, tunda babu tururin da zai tsare shi a digiri 100. Gyaɗa kofi ɗaya, murza ta da rabin ƙaramin cokalin mai, baza a farantin gilashi, minti ɗaya-ɗaya kina juyawa, jimla minti 4 zuwa 6. Ki kula, daga ciki take fara ja. Fasa ɗaya ki gani, ki sauke tun tana da sauran haske, sai ta huce take yin garas. Riɗi ya fi ta sauri. Soyayyar fara da ta yi sanyi, daƙiƙa 20 zuwa 30 a kan tishu. Kilishi daƙiƙa 10 zuwa 15 kuma ki tsaya a kansa, siriri ne ga mai ga zaƙi, yanzu ya ƙone.

Albasar barbaɗawa a kan shinkafa ko dambu ma tana yiwuwa. Yanka ta siriri bai ɗaya, sa a kwanon gilashi mai jure zafi kuma mai zurfi, da man da zai ɗan rufe ta. Minti 4, juya, sai minti ɗaya-ɗaya, da ta fara ja koma daƙiƙa 30. Tsame ta tun tana ruwan zuma, za ta ƙara duhu a kan tishu. Man nan ya wuce zafin tafasasshen ruwa sosai: busasshen cokali, tsumma a hannu, yara su matsa. Iya nan suyar mai ta tsaya, kada a cika kwano da mai a ce za a soya ƙosai a ciki.

Kwanuka da tsabta

Tunda yanzu da mai da zuma kike aiki, zafin da ke taɓa kwano ya fi na ɗumamen miya. Robar tekawe da farin kwanon soso na masu sayar da abinci narkewa suke in mai ya yi zafi. Farantin melamin, mai kama da tangaran amma marar nauyi, ba na maikirowef ba ne. Kwanon silba da samira ƙarfe ne, tangaran mai zanen zinare a baki kuma tartsatsi yake yi, komai kyansa a cikin jere. In kina shakkar kwano, ajiye shi ba komai kusa da kofin ruwa, kunna minti ɗaya. In ruwan ya yi zafi kwanon bai yi ba, ya yi. In za ki kunna abin gashi kuwa, roba da tishu da tsinken itace duk su fita, gilashi mai jure zafi ko ragar na'urar kawai.

Gashi yana fallatsa maiƙo. A bangon ciki, galibi ta dama, akwai wani ɗan allo mai kama da kwali mai ƙyalli, ta bayansa igiyoyin ke shigowa. Ba kwalin shago ba ne, kada ki ɓamɓare shi. In maiƙo ya taru a kansa yakan ƙone ya zama gawayi, daga nan na'urar ta fara walƙiya da ƙara ko ba ƙarfe a ciki. Bayan kowane gashi, bari ta huce, zare soket, goge shi a hankali da ɗanyen tsumma. Sauran bangon kuma, tafasa ruwa da yankan lemon tsami a kwano minti 3, bar ƙofa a rufe minti 5, dauɗar za ta saki. In allon ya riga ya ƙone ko ya huje, daina kunnawa, kai wa mai gyara ya yanka miki sabo, ba shi da tsada. Kada kowa a gida ya kwance murfin bayan na'urar da kansa, akwai abin da ke riƙe wuta mai kisa a ciki ko an zare ta daga soket.